Matasanmu Da Ƙishirwar 'Yanci

 

Kukan da iyaye ke yi a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa iri ɗaya ne. Da zarar yaro ya tasa, sai ya ƙi zaman gida, hankalinsa ya koma Kano ko Abuja ko Legas. Mu kan kira wannan taurin kai. Ni kuwa a ganina, yawanci abin da matashi ke nema shi ne a yarda ya isa a danƙa masa wani abu ya riƙe da kansa.

Wannan hali ba sabo ba ne. An haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta koma Ankara, babban birnin Gana a yau. Yana wajen shekara 15 ya bi ayarin fataken Gwanja. Kafin rasuwarsa a 1955 ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Amma mu lura, ayari ya bi, akwai madugu, akwai ƙa'ida, kuma ya yi karatun allo kafin ya fita.

Kakanninmu sun san wannan ƙishirwa, suka yi mata magani da gayauna. Saurayi zai yi aikin gandu tare da mahaifinsa, sannan a yanka masa 'yar gona tasa. Abin da ya noma nasa ne, riba ko asara. A nan yake koyon cewa 'yanci da nauyi tare suke tafiya.

Yau gonaki sun tsuke saboda rabon gado. Yaro kan gama sakandare ba gona, ba jari, ba sana'a, ga wayar hannu tana nuna masa duniyar da bai iya kaiwa. In ya rasa 'yancin gaskiya, sai ya nemi na ƙarya a majalisar shaye-shaye ko bangar siyasa.

Alhali Allah bai rage mu da komai ba. Ga ruwan Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ga shinkafar Tudun Wada, ga masarar Doguwa, ga kasuwar Kwanar Ɗangora. Ina kira ga wannan ƙungiya ta kafa asusun jari domin matasa masu noman rani da koyon sana'a, maza da mata, kowane uba kuma ya ware wa ɗansa abin da zai juya da kansa, ya kuma riƙa shawara da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, don kada ya karye.

Allah ya shirya mana zuriya. Wassalamu alaikum.