Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Tattalin Abinci a Gidajenmu na Birni

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba ni wannan dama. Bisa al'ada, a irin wannan zama mukan tattauna batun hanya da ajujuwa da rijiyar burtsatse. A bana ina neman izininku mu leƙa madafi, domin akwai dukiyar da ke zurarewa daga gidajenmu na birni kullum, ba tare da mun sa ta a lissafi ba, watau abincin da ake dafawa ko a saya, daga bisani ya ƙare a bola.

Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, kimanin kilo 79 ke nan kan kowane mutum a shekara. Rahoton ya ƙara da cewa ɓarnar ba ta tsaya ga ƙasashe masu arziki kaɗai ba. Mu kuwa a nan Nijeriya, bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Duk magidancin da ke wannan zaure ya san yadda kuɗin cefane ya koma.

Jama'a, iyayenmu ba su karanta rahoto ba, amma sun ga yunwar Kakalaba ta 1914 ko sun ji labarinta daga bakin waɗanda suka tsira, mu kuma mun ga farin 1973 da na 1984. Wannan ne ya sa suka tsara gida yadda ƙwayar hatsi ba ta salwanta. Maigida kan fitar da awo daga rumbu daidai da bakunan gida. In an surfa, dusa da ƙasari na awaki ne. Tuwon da ya kwana shi ne ɗumamen safe. Ƙanzon tukunya a shanya shi, ran da aka bukata a jiƙa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Kuɓewa da tumatur da barkono a yanka a busar lokacin da suke araha, naman layya a soya ko a yi dambu ya kai watanni. Abin da ya rage na maƙwabci ne da almajiri, wanda ya lalace kuma ya tafi juji, ya koma gona a matsayin taki.

To, me ya faru da muka koma birni? Na farko, mun bar awo. Ana dafa shinkafa da ka, a cika wa yaro faranti irin na babba, ya ci rabi ya ture. Na biyu, mun miƙa amana ga firji, alhali kowa ya san halin wutar lantarki. A sayo kayan miya kwando guda, a wayi gari sun ruɓe. Na uku, mun ɗauki ɗumame da ƙanzo abin kunya, har 'ya'yanmu sun tashi ba su san ɗanɗanonsu ba. Na huɗu, mun zauna bayan dogayen katangu inda babu akuya, babu kaza, mai bukata kuma ba ya iya ƙarasowa ƙofa. Sai kuma uwa-uba, bukukuwa da watan azumi, inda ake jera abinci kala-kala don gudun abin da mutane za su ce, washegari a kwashe a zubar.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, yawancin buhunan gero da wake da masara da ke ɗakunan ajiyarku daga nan gida aka aika da su. Ƙanenku ne ya yi sharar gona, ya ci bashin taki, ya yi noman fari da maimai cikin rana. In ƙwari suka cinye rabin buhun nan saboda rashin kula, guminsa ne ya tafi a banza. Addini ma bai bar mu a duhu ba: aya ta 31 ta Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta kuma hana almubazzaranci, sannan Suratu Yusuf ta koyar da tanadin hatsi a shekarun yalwa saboda shekarun ƙunci.

Saboda haka ina ba da shawarwari guda biyar.

Ɗaya, a dawo da awo. Uwargida ta ware gwangwani ko kofi, ta san nawa ke isar gidanta, a zuba wa yara kaɗan, mai so ya nemi ƙari.

Biyu, a sayi ɗanyen kaya gwargwadon abin da za a ci cikin kwana biyu ko uku. In an saya da yawa lokacin kaka, a busar, ko a markaɗa a tafasa sosai a adana.

Uku, a girmama kwantai, amma da lura. A ɗumama shi har ya yi zafi ciki da waje, kuma kada a bar dafaffiyar shinkafa ta kwana a buɗe cikin zafi, domin takan jawo ciwon ciki.

Huɗu, a adana wake da hatsi a buhun PICS mai ninki uku, wanda ke toshe iska har ƙwari su mutu, ko a jarka mai murfi sosai. A guji barbaɗa maganin ƙwari barkatai. Ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Nijeriya a 2015, mu kuwa cikinmu yake shiga.

Biyar, a mayar da gero da dawa da wake da zogale da rama cikin tukunya. Gero na jure ƙarancin ruwan sama, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin shi da danginsa. Alkamar burodi da taliya kuwa, mafi yawanta daga waje ake shigowa da ita. Kuɗin da kuka kashe kan hatsin gida, aljihun manominmu yake komawa.

Ga ƙungiya kuma, ranka ya daɗe shugaba, ina roƙon kowane reshe ya kafa ƙaramin kwamiti na matasa da mata, wanda za a sanar da shi kafin biki ko suna, domin ya kwashe abincin da ba a taɓa ba tun da zafinsa, ya kai makarantun allo da gidajen marayu da masu jinya a asibitoci. Mu fara da walimar wannan taro namu na yau, ta yadda baɗi kowane reshe zai zo mana da bayanin abin da ya yi.

Allah Ya albarkaci abin da muke ci, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.