ALƘALI KO SHAIDA? MATSAYIN NA'URAR BIDIYO A FILIN WASA

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron ɗalibai cikin makon wasanni)



Da sakataren wasanni ya kawo mini takardar gayyata, na ga an nemi in yi magana a kan alƙalin bidiyo a wasan zari-ruga, sai da na yi murmushi. Mu da muka tashi a Ƙofar Mata, tamaula muka sani, sai dambe da langa. Amma da na zauna na yi nazari sai na ga mai zaɓen batun bai yi kuskure ba, domin masu zari-ruga sun riga masu ƙwallon ƙafa shiga wannan rigima da shekara ashirin da 'yan kai. Wanda ya riga ka barci kuwa dole ya riga ka tashi. Saboda haka zan fara da su, sa'an nan in dawo gida.

Zari-rugar da nake nufi ita ce ta mutum goma sha uku a kowane ɓangare, wadda ta ɓalle daga uwarta a garin Huddersfield na arewacin Ingila a 1895. Babban cin wasan shi ne ɗan wasa ya kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya ya dangwala ta a ƙasa, a ba shi maki huɗu. To, ku dubi wahalar alƙali. Ƙarti huɗu ko biyar sun danne mutum guda a kan layi, ƙwallo tana ƙarƙashinsu, ana so ya faɗi ko ta taɓa ƙasa ko hannun wani ya tare ta. Wannan ya sa da aka buɗe gasar Super League a 1996 aka zaunar da wani alƙali a gaban talabijin. In na cikin fili ya yi shakka sai ya zana akwati da hannuwansa a iska, watau yana neman a duba masa. Ostireliya ta bi sahu, har a 2016 ta gina ɗaki guda a birnin Sidni, suna kiransa Bunker, inda ake kallon dukkan wasannin gasarsu daga nesa. A 2020 suka ƙara wata doka: kyaftin yana da ikon ƙalubalantar hukunci cikin 'yan daƙiƙu. In ya yi gaskiya damarsa tana nan, in ya faɗi ta tafi ke nan har a tashi.

Shin rigima ta ƙare? Ko kusa. A watan Yuli na 2022 ƙungiyar Wests Tigers tana gaban North Queensland Cowboys da 26 da 25, lokaci ya cika. Kyaftin ɗin Cowboys ya ƙalubalanci wasan ƙarshe, mutumin ɗakin na'ura ya ce an tare wa ɗan wasansu hanya, aka ba su bugu, suka ci 27 da 26. Kashegari hukumar gasar ta fito ta amsa cewa mutumin ɗakin ya yi kuskure. Maki kuwa bai dawo ba. Ku lura da wannan da kyau, jama'a. Kyamarori sun ɗauki abin ta kusurwoyi da dama, hoto tangaran, ba wanda ya yi musun abin da ya gani. Gardamar ita ce ko abin da aka gani ɗin laifi ne. Wannan tambaya kuwa kyamara ba ta da bakin amsa ta.

A nan ne ra'ayina yake, kuma gara in faɗe shi tun yanzu don masu shirin yi mini tambaya su wasa wuƙaƙensu. Hukunci a filin wasa iri biyu ne. Akwai na aukuwa: ƙwallo ta haye layi ko ba ta haye ba, ƙafar wane tana waje ko tana ciki, wa ya yi duka, mai lamba huɗu ko mai lamba biyar. Akwai kuma na ƙiyasi: da gangan ya yi ko tsautsayi ne, turin ya isa ya kayar da mutum ko shi ne ya ga dama ya faɗi. A na farko a bar wa bidiyo magana, gani ya kori ji. A na biyu kuwa bidiyo shaida ne kurum. A kotunan alƙalai na ƙasar nan tun da akwai shaidu, akwai kuma muhuti mai taimaka wa alƙali da abin da littafi ya ce, amma ba a taɓa jin shaida ko muhuti ya miƙe ya yanke hukunci alƙali yana zaune ba.

Wani zai ce, to ai shi ma na ɗakin alƙali ne, ya kuma fi samun natsuwa, yana iya tsai da hoto ya mai da shi baya. Bari in kai ku marinar unguwarmu, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi ya san cewa in marini ya tsamo zane daga ruwan baba, kore-kore yake fitowa. Sai ya sha iska tukuna yake juyawa shuɗi, a sake tsomawa, a sake tsamowa, har ya yi baƙi. In ka ɗauki hotonsa a daidai lokacin da ya fito ka kai wa wanda bai san rini ba, zai rantse maka kore aka rina. Hoton bai yi ƙarya ba, amma ya ɓatar da shi. Haka hoton wasa yake in an tsai da shi ko an rage masa gudu. Abin da ya faru cikin ƙiftawar ido sai ya ɗauki daƙiƙa biyar, mai kallo ya ga kamar ɗan wasa ya zauna ya yi shawara kafin ya miƙa hannu. Karo na yau da kullum sai ya koma kamar yunƙurin kisan kai. Alƙalin da ke tsaye taku goma daga wurin ya ji ƙarar karon, ya ga gudun da aka zo da shi, ya san abin da ya gudana tsakanin mutanen nan biyu tun farkon wasa. Na ɗaki bai san ko ɗaya ba.

Da aka shigar da VAR cikin dokokin ƙwallon ƙafa a 2018, masu dokar sun san da haka, shi ya sa suka ɗaure ta da abubuwa huɗu: cin ƙwallo, fenariti, jan kati na kai tsaye, da hukunta wanda ba shi ya yi laifi ba. Suka ce kuma sai kuskure ya kasance bayyananne. Mu 'yan Nijeriya mun ɗanɗana ta ta kowace fuska. Ranar 26 ga Yuni 2018 a Rasha, ƙwallo ta taɓa kan Marcos Rojo na Ajantina ta sauka a hannunsa, alƙali ya je ya duba ya ce babu fenariti, aka fitar da mu da ci 2 da 1. Har yau in an tayar da zancen a teburin mai shayi sai murya ta tashi, alhali kowa hoto guda ya gani. A 2019 a Faransa, 'yan matanmu suna riƙe da masu masauki, Wendie Renard ta buga fenariti ta ɓarar, na'ura ta ce ƙafar mai tsaron gidanmu Chiamaka Nnadozie ta bar layi, aka sake bugu, aka ci mu 1 da nema. Bisa harafin doka an yi daidai. Amma tazarar da ƙafar ta yi ba ta hana kowa komai ba, tun da ƙwallon ma turke ta daka ta yi waje. Sa'an nan ranar 7 ga Fabrairu 2024 a Bouake ta ƙasar Kwaddibuwa, Victor Osimhen ya ci ta biyu, muna tsalle, aka soke ta, aka koma can ɗaya gefen aka ba Afirka ta Kudu fenariti saboda ƙetar da aka yi tun kafin ƙwallon ta taho. Ya yi ciwo ƙwarai. Amma in za mu faɗi gaskiya ƙetar ta auku, kuma alƙalin fili shi ya je ya duba da idonsa ya yanke. Wannan shi ne aikin shaida yadda ya kamata, ko da a kanmu ya faɗa.

Yanzu mu dawo Ƙofar Mata. Filin wasa na Sani Abacha ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da gasar cin kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Gidan Kano Pillars ne, wadda ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014. A wannan fili dai, cikin Oktoba 2025, Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi, wasu 'yan kallo suka tsallako suka far wa alƙalai da baƙi. Hukumar gasa ta zabtare wa Pillars maki uku, ta ci ta tarar miliyoyin naira, ta rufe mata filin. 'Yan kasuwar bakin ƙofa, masu ruwa da masu tsire da masu a-daidaita-sahu, su ma sun sha hukuncin ba tare da sun jefi kowa ba. Bayan wannan na ji mutane da yawa, har da masu ilmi, suna cewa da akwai VAR da haka ba ta faru ba.

Ina so in yarda da su, amma tarihi ya hana ni. Ranar 29 ga Maris 2022 a Abuja, wasanmu da Gana na neman zuwa Katar, akwai VAR. Ita ta ba mu fenaritin da muka farke da shi. Aka tashi 1 da 1, muka rasa gurbi, jama'a suka shiga fili suka yi ɓarna. A wasan ƙarshe na zakarun Afirka kuwa, a Tunisiya a 2019, an soke wa Wydad ta Maroko ƙwallo, suka ce a duba na'ura, aka ce ba ta aiki, suka ƙi ci gaba da wasa, aka ba Esperance kofi. Ku tuna, Tunisiya ce fa. Ku kwatanta da ranar da za a ce wa mutum dubu goma sha a Ƙofar Mata su yi haƙuri, janareta ya mutu, alhali makon jiya da aka soke tasu ƙwallon yana aiki.

Ni kaina na taɓa riƙe usur a gasar unguwanni, shekarun baya kaɗan. Na ba da ƙwallo, aka tashi, sai ga wani yaro da waya, jama'a sun kewaye shi, ana cewa ga hujja. Muka kalla sau ya fi goma. Daga bayan raga ya ɗauka, hannunsa yana rawa, kan wani ya tare rabin hoton. Waɗanda aka ci suka ga satar gida ƙarara, waɗanda suka ci suka ga babu. Ba wanda ya sauya ra'ayi ko mutum ɗaya. Abin da ya fitar da ni lafiya ran nan shi ne wani dattijo da ɓangarorin biyu suke jin kunyarsa, ya kama hannuna ya raka ni har bakin titi.

A gidan dambe ma akan yi gardama, amma ba kamar ta ƙwallo ba, domin dokar kisa a fili take: hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, shi ke nan, kuma a idon kowa ake yi. Daga nan nake ɗaukar sharaɗina na farko. In za a kawo na'ura filayenmu, abin da alƙali ya kalla a nuna wa jama'a a babban allo, ya kuma faɗi dalilinsa da bakinsa a lasifika. Masu zari-ruga a Ingila tun farko a allon fili suke bayyana hukuncin, ga jama'a na kallo. Hukuncin da aka ƙulla a ɗakin da ba wanda ya gani, a ƙasar da zargi ya riga ya yi yawa, ƙarin itace ne a wuta. Da ana zargin mutum uku, yanzu za a zargi biyar.

Na biyu, alƙalin fili ya fara faɗin nasa hukuncin kafin ya nemi taimako, kamar yadda masu zari-ruga suka koma yi, kuma kada a rushe shi sai da hujjar da ba ta bukatar dogon kallo. In an yi minti ɗaya ana juya hoto ba a gane ba, ai kuskuren ba bayyananne ba ne, a ci gaba da wasa.

Na uku shi ne wanda na fi so, kuma shi ya fi dacewa da aljihunmu. Kada na ɗaki ya tsoma baki sai an kira shi, kuma masu wasa su ne za su kira. FIFA da kanta ta gwada irin wannan a gasar 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024, da ta samari a Chile a 2025: kyamarori kaɗan, babu ɗaki cike da alƙalai, koci yana da dama biyu, in ya yi gaskiya ba a rage masa. Amfaninsa a wurinmu babba ne. Kocin da yake ɗaga hannu yana tunzura 'yan kallo a kan kowane busa, sai a ce masa bismilla, ga dama, ƙalubalanta. In ya ƙi, jama'a sun gane da kansu. Labarin Tigers ya nuna wannan ma ba ya hana kuskure, na sani. Amma yana rage yawan tsayawa, yana kuma raba nauyin tsakanin alƙali da masu ƙorafi.

Kafin duk wannan akwai abin da ya fi kyamara gaggawa, ba zan daɗe a kansa ba don kowa ya sani: shinge mai ƙarfi, jami'an tsaro isassu, da haƙƙin alƙali ya fito daga hukuma a kan lokaci ba tare da ya ratsa hannun mai masauki ba. Mutumin da yake tunanin ta wace ƙofa zai fita da rai, ko allo goma ka ajiye masa abin da zai fisshe shi zai gani.

Ina da roƙo guda ga ƙungiyar ɗalibai. Gasar tsangayoyi tana tafe. Ku sami waya biyu masu kyau, ku kafa su a kan sanda daidai layin kowace raga, ku ba kowane kyaftin dama guda, a kan tambaya guda kawai: ta shiga ko ba ta shiga ba. Ku sa mutum ya rubuta sau nawa aka kira, sau nawa aka sauya hukunci, minti nawa aka ɓata, a buga a wannan mujalla tamu a fitowa ta gaba. Ni zan ba da aron waya ɗaya, in sakataren wasanni ya yi alkawarin dawo mini da ita da gilashinta.

Na ga shugaba yana duban agogo.