Rawar Girib a Tafkin Tring: Tsakanin Ido da Kyamara



Akwai wani tsuntsun ruwa da mutanen Ingila suke kira girib. In an hango shi daga nesa sai a ce agwagwa ce, amma bakinsa tsini gare shi, ƙafafunsa kuwa can baya suke, shi ya sa ya gwanance da nutso, tafiya a tudu kuwa sai da ƙyar. Ƙaramin cikinsu yana nan a kududdufai da madatsun ruwa na ƙasar Hausa. Amma wanda laccar nan ta dosa shi ne babbansu, mai tukku, na tafkunan Turai.

Tukkun nan da lallausan gashin ƙirjinsa sun so su ja masa halaka. A ƙarni na 19 matan Ingila suna ado da su, aka yi ta harbinsa, har ya zamana wajen 1860 ma'auratan da suka rage a ƙasar ba su kai 100 ba. Irin wannan ɓarna ce ta sa waɗansu mata suka kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a Mancesta cikin 1889, wadda yanzu ake kira RSPB.

Cikin bazarar 1912 wani saurayi masanin dabbobi, Julian Huxley, wanda daga baya ya zama shugaban UNESCO na farko, ya yi wajen mako biyu a bakin tafkunan Tring, arewa maso yamma da Landan, shi da ƙanensa. Kayan aikinsa madubin hangen nesa ne da littafi da fensir. Abin da ya gani ya buga shi cikin 1914.

To, me ya gani? Namiji da tamata sukan fuskanci juna, su miƙe wuya, su baje tukku, su yi ta kaɗa kai. Wani lokaci kuma sai su nutse tare, kowa ya fito da ciyawar ruwa a baki, su sheƙo da gudu, su tashi tsaye ƙirji da ƙirji suna dukan ruwa da ƙafa, sai ka ce 'yan rawa a dandali. Darwin ya riga ya koyar cikin 1871 cewa ado da rawar tsuntsaye galibi na namiji ne, domin tamata ta zaɓe shi. Ga shi nan kuwa adonsu ɗaya, rawarsu ɗaya, kuma ba sa dainawa bayan sun riga sun zaɓi juna. Sai Huxley ya fahimci cewa rawar tana ɗaure su ne, gama su biyun ne za su yi kwanci, su goya 'ya'yan a gadon baya, su ciyar da su.

A nan ne mai kyamara ya kamata ya yi hattara. Tashi tsayen nan 'yan daƙiƙoƙi ne, kuma shi kowa yake farauta. Amma hoto ɗaya ba ya faɗin abin da ya gabata, ko wanda ya fara, ko sau nawa aka yi. Littafin mai kallo ne yake faɗa. Emma Turner, wadda ta shahara da hoton tsuntsayen fadamun Norfolk tun farkon ƙarni na 20, zama ta yi a kwalekwale mai ɗaki a tafkin Hickling, tana ɓuya cikin ciyayi sa'o'i da yawa, har tsuntsayen su manta da ita.

Sheƙar girib tarin ciyawa ce a bisa ruwa. In zai tashi cikin natsuwa yakan rufe ƙwansa da ciyawa. Wanda ya matso da gaggawa domin hoto ya firgita shi, ya bar ƙwan a buɗe, hankaka kuwa yana bisa itace yana kallo.