Injiniyan Gine-gine da Ayyukan Gari: Hanyar Shiga da Nauyin da ke Ciki

Injiniyan gine-gine shi ne masanin da ke tsarawa da sa ido kan abubuwan da jama'a ke mora tare: hanya, gada, kwalbati, lambatu, madatsar ruwa da bututun famfo. Mai zanen gini yana duba siffa da fasalin ɗakuna, shi kuwa injiniya lissafinsa na kan nauyi, da ƙarfin ƙasa, da inda ruwa zai bi. Sana'ar ta daɗe a ƙasar Hausa. A Kano, hukumar En'e ce ta ɗauki nauyin jawo ruwan famfo daga kogin Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sannan a mulkin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974.

Hanyar shiga tana farawa tun daga sakandare, da lissafi da fiziks da kemistiri. Digirin jami'a shekara 5 ne, kuma ana bayar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Maiduguri, da wasunsu. Wanda ya bi ta kwalejin fasaha yakan yi ƙaramar difloma shekara 2, ya fita aiki shekara guda, ya dawo babbar difloma. A tsakiyar karatu akwai shirin SIWES, wanda aka fara a 1973, inda ake tura ɗalibi wurin aiki na wasu watanni. Ɗalibai da yawa kan nemi ofis mai sanyi su sa hannu su tafi, kuma wannan asara ce babba, domin a filin aiki ake koyon riƙe na'urar awo, da gane yashi mai laka, da magana da birkila da lebura cikin mutunci.

Takardar digiri kaɗai ba ta ba mutum ikon kiran kansa injiniya a Najeriya. Ikon yana hannun majalisar COREN, wadda doka ta kafa a 1970, kuma tana yi wa rukuni huɗu rajista: injiniyoyi, masana fasaha, ma'aikatan fasaha da masu sana'ar hannu. Bayan kammala digiri, matashi kan tara gogewa ta shekara 4 a ƙarƙashin wanda ke da rajista, ya rubuta rahoton ayyukan da ya yi, ya zauna gaban manyan sana'a su gwada shi. Ƙungiyar Injiniyoyin Najeriya, wadda aka kafa a 1958, ita ce dandalin zumunci da ƙarin ilimi.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne aikin gari. Tsarin mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina tituna da kula da su, da fitilun kan hanya, da magudanan ruwa, da kasuwanni, da tashoshin mota, da kwashe shara. Matasa kan raina sashen ayyuka na ƙaramar hukuma saboda ƙarancin albashi da rashin kayan aiki, kuma ƙorafin gaskiya ne. Sai dai a nan ne injiniya ke ganin aiki daga tushe har ƙarshe: shi zai yi awo, ya fitar da ƙiyasin kuɗi, ya zauna da mai unguwa kan gidan da ya shiga hanya, ya kuma dawo bayan damina ya ga abin da ruwa ya yi.

Ruwa ne babban malamin wannan sana'a. Daminar Arewa gajera ce, amma ruwanta kan zubo da yawa cikin ɗan lokaci. Kwaltar da ba ta da lambatu a gefenta ba ta daɗewa, domin ruwan da ya kwanta yana ratsawa ƙarƙashi ya sassauta jar ƙasar da aka danne, sai babbar mota ta ƙarasa sauran. A tsoffin birane, kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini su ne ke riƙe ruwan sama. Da aka cike su aka yi gidaje, ruwan ya koma cikin ɗakunan mutane. Ƙasa ma ba iri ɗaya ba ce: baƙar lakar yankin tafkin Chadi tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, kuma hanyar da aka shimfiɗa a kanta ba tare da gwaji ba takan karye. Fashewar madatsar Bagauda a 1988, da ɓallewar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024, sun nuna cewa duba gini da gyara shi a kan kari aikin injiniya ne cikakke, ko da yake ba a yanka masa ƙyalle.

Sai batun sa hannu. Ɗan kwangila ba ya karɓar kuɗi sai injiniyan hukuma ya tabbatar a rubuce cewa aiki ya cika. Kankare yana kai ƙarfin da aka ƙiyasta masa ne bayan kwana 28, kuma ana gane haka ta hanyar matse samfurinsa a ɗakin gwaji. Idan aka rage siminti, ko aka sa rodi mai siririn jiki, ido ba ya gani bayan an yi filasta. A nan matsin lamba ke zuwa, daga ɗan kwangila, wani lokaci daga sama. Garkuwar injiniya ita ce littafin filin aiki da sakamakon gwaji, a rubuta komai da kwanan wata, kuma COREN na da ikon soke rajistar wanda aka kama da sakaci.

Bayan shekarun farko hanya takan rabu. Wani ya ci gaba a gwamnati har ya zama daraktan ayyuka, wani ya koma hukumar ruwa ko hukumar FERMA mai gyaran hanyoyin tarayya, wani ya shiga kamfanin kwangila ko na ba da shawara, wani ya ƙaro digiri a fannin ƙasa, ruwa, sufuri ko ƙarfin gini. Kowane reshe yanzu yana buƙatar iya zane da kwamfuta, da karanta taswirar tauraron ɗan adam, da sanin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda ta tsara yadda ake tallata kwangilar tarayya da tantance masu nemanta.