ƘODA DA MAFITSARA DA KUDUDDUFAN BIRNI



Abin da za mu tattauna a kai yau abu ne da Bahaushe ke jin nauyin ambatonsa a bainar jama'a, watau fitsari da hanyar da yake bi. Sai ku yi mana gafara, don a wajen ilmi ba a kunya.

Kowane ɗan Adam yana da ƙoda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu da ƙashin baya, daga ƙarƙashin haƙarƙari. Kowace ba ta fi dunƙulen hannun mai ita ba, nauyinta wajen giram 150 ne. Amma duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turowa wurinsu yake zuwa. A cikin kowace akwai 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya gani. A kwana guda suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, watau jarka bakwai irin ta 'yan garuwa. To, in da duk wannan zai fita, ai da ba wanda zai kai azahar da rai. Hikimar ita ce ƙoda takan sake tsotse kusan dukkan ruwan, tare da sukari da gishirin da jiki ke bukata, ta mayar cikin jini. Abin da ya saura, lita ɗaya da rabi ko kusa da haka, shi ne fitsari. Daga kowace ƙoda sai ya gangaro ta wani siririn bututu mai tsawon kimanin santimita 25 zuwa 30, ya taru a mafitsara, can cikin mara.

Mun tsaya bayyana wannan hanya ne saboda wata cuta da kowa a nan ya san sunanta, watau tsargiya. Birnin Kano da ƙasa aka gina shi, tun daga ganuwa har zaurukan kakanninmu, kuma ramin da aka haƙi ƙasar tubali shi ke zama kududdufi da damina. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya ambaci ruwan Jakara da ke kwance a tsakiyar gari. A wannan shekara ɗin kuwa wani likita Bajamushe ɗan'uwansa, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar tsargiya a birnin Alƙahira.

Ga yadda abin yake. Yaro mai cutar ya yi fitsari a kududdufi, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin wata 'yar katantanwa, ya hayayyafa. Bayan makonni sai 'ya'yan su fito, su huda fatar mai wanka ko wanki. Ku lura, ba sai an sha ruwan ba, shiga kawai ta isa. Idan tsutsar ta girma sai ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai, kowane ƙwai da ɗan tsini a ƙarshensa. Su ne ke keta bangon mafitsara, shi ya sa ake ganin jini a ƙarshen fitsari.

Wasu iyaye sukan ce ai ba komai, kowane yaro yana yi, da kansa zai daina. Lalle jinin yakan ragu idan yaro ya girma, amma wannan shi ne babban ruɗi. Ƙwan da bai fita ba yana nan maƙale, yana haddasa tabo. Idan tabon ya tsuke bakin bututun nan da muka ambata, sai fitsari ya riƙa komawa baya, ƙoda ta kumbura, matatanta su riƙa mutuwa a hankali, sau da yawa ba tare da wani zafi ba. Kuma matatar da ta mutu ba ta sake tsirowa. Cutar takan jawo kansar mafitsara ma bayan shekaru.

An cike kududdufai da yawa a birni an yi gini a kansu, amma katantanwar ba ta rasa mazauni ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, hanyoyin ruwan noman rani na wajen Kura da Kadawa suka zama sabon gida gare ta.

Maganin tsargiya ƙwaya ce mai suna firazikwantel, ana auna ta bisa nauyi ko tsawon yaro, yawanci a sha a rana ɗaya. Sai dai ba ta hana sake kamuwa idan an koma ruwan. Wanda kuwa ƙodarsa ta riga ta gaza, sai wankin ƙoda da na'ura sau biyu ko uku a mako, ko dashe, wanda aka fara yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002. Albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu.

Don haka muna roƙon waɗanda za su koyar a makarantun firamare, da masu ƙanne a makarantun allo, su riƙa tambayar yara a asirce ko suna ganin jini. Yaro ba zai faɗa da kansa ba. Wanda ya amsa, a kai shi Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata a gwada fitsarinsa, kuma ya fi kyau a ɗebi na tsakar rana, don a lokacin ƙwan ya fi fita.