Hawan Dutse a Rurum Tsohon Gari: Bashin da Na Biya Bayan Shekara Goma Sha Bakwai

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 2008 ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)

 

 Da Sakatare ya ce in yi magana ta minti goma, ya zaci zan yi bayani ne a kan aikin gwamnati. Ina neman afuwarsa, domin maganar dutse na zo da ita, kuma akwai wani laifi da nake so in amsa a gaban Malaminmu na labarin ƙasa, tunda Allah Ya sa yana zaune a nan.

'Yan ajinmu za su tuna da 2007, muna aji biyar, lokacin da Malam ya ɗebe mu a motar makaranta zuwa Tiga. Ya nuna mana madatsar ruwan da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya ce ruwan da take riƙewa ya kusa kubik mita miliyan dubu biyu, kuma shi ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Daga nan muka zarce Rurum Tsohon Gari, ya ce kowa ya tuɓe takalmin sandal ya bi shi kan dutse. Malam, ranar na ce maka cikina ke ciwo. To, ƙarya nake yi. Ni da wasu mutum uku, waɗanda ba zan tona musu asiri ba ko da yake ina ganin biyu daga nan, gindin tsamiya muka zauna muna shan rake har kuka sauko. Rahoton da na rubuta kuwa, na wani na kwafa, kuma ka ba ni bakwai bisa goma.

Abin bai dame ni ba sai a 2023, da ma'aikatarmu ta tura ni kwas na mako biyu a Janeba, ƙasar Suwizalan. Ran Asabar wani abokin karatu ɗan ƙasar ya ɗauke mu zuwa tsaunukan Alfis. Ga tsaunin Mon Bulan can, fari fat da ƙanƙara, tsawonsa ya haura mita 4,800, kuma tun 1786 mutum biyu, Balma da Likita Fakar, suka fara taka ƙololuwarsa. Mu dai ba can muka nufa ba. Wata siririyar hanya muka bi, wadda aka shafa wa duwatsunta fenti fari da ja domin kada baƙo ya ɓace. Bayan awa uku muka isa wani ɗakin hutu da aka gina da dutse da katako. Akwai mai kula da shi, akwai abinci mai zafi, da gadaje a jere kamar ɗakin kwanan ɗalibai, da littafin da kowa ke rubuta sunansa da inda ya nufa, saboda in ya ɓace a san inda za a neme shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba gwamnati ce ta gina ba. Ƙungiya ce ta masu hawan tsauni, wadda aka kafa a 1863, kuma tana da irin waɗannan ɗakuna fiye da 150. Ƙungiya, 'yan uwa, kamar tamu.

A nan ne wata dattijuwa, wadda ta girme wa mahaifiyata amma ta riga ni isowa da rabin awa, ta tambaye ni ko akwai duwatsu a ƙasarmu. Na ce a'a, Kano fili ce shimfiɗaɗɗiya. Daren nan ban yi barci sosai ba. Na tuna da Dala da Goron Dutse da nake wucewa kullum. Na tuna da duwatsun Riruwai, da Kufena ta Zariya, da Kwatarkwashi, da Shere ta Jos, da Cabbal Waddi na Jihar Taraba, wanda da mita 2,419 ya fi kowane tsauni tsawo a Nijeriya. Na kuma tuna da gindin tsamiyar nan. Wato na je ƙasar mutane na musanta ƙasata, don kawai ban taɓa hawa na gan ta ba.

Saboda haka a watan Nuwamba na 2024, bayan an yanke gero, na kama hanyar Rano ni kaɗai. Sai dai na yi tafiyar irin ta ɗan ofis. Ban isa Rurum ba sai ƙarfe sha ɗaya, da takalmi sau-ciki mai santsi, da ledar fiya wata ƙwaya ɗaya. Na je na gaida mai unguwa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Yallaɓai, da ka bari sai gobe da asuba." Na ce ai na hau na Turai. Bai ƙara cewa komai ba, sai ya haɗa ni da wani dattijo da ya haura saba'in.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Daga ƙasa dutsen kamar ka miƙa hannu ka shafa kansa. Amma falalen dutse in rana ta buɗe zafi yake yi kamar tanda, kuma ba inuwa. Ban kai rabi ba numfashina ya sarƙe, kaina ya fara sarawa, na ga duhu-duhu. Ƙafata ta zame, na zauna daɓas, na kuje hannu. Dattijon ya ja ni zuwa bakin wani kogo, ya ce, "Ɗana, zauna. Dutse ba ya gudu." Wani yaro mai kiwon awaki, wanda bai fi shekara goma ba, ya ba ni ruwa daga gorarsa. Ni da digirina, ga ni kwance, yaro na yi mini fifita da hularsa.

Wannan zama na awa biyu a kogo shi ne darasin da na guje wa a 2007. Baba ya nuna mini ramuka masu sulɓi a jikin dutse, ya ce nan matan da suke niƙa. Ya ce kakanninsu ba don sha'awa suka raɓi dutse ba, don tsaro ne. Wannan ya yi daidai da abin da ke cikin tarihi: a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi wanda ya hau sarauta a 1855, Ningawa sun addabi kudancin Kano da hare-hare. Mai gadi a kan dutse yana hango ƙurar dawakai tun daga nesa, a buga ganga, mata da yara su shige kogo. Da zaman lafiya ya samu, sai jama'a suka fara bin fili da bakin hanya. Na tambaye shi ko samari na zuwa jin wannan labari. Ya yi dariya ya ce, "Kai ne na farko bana."

Da rana ta yi sanyi muka ƙarasa, ni ba takalmi. Malam, na ga abin da ka so in gani. Ta yamma ga ruwan Tiga yana ƙyalli kamar faranti. Ga gonakin dawa da ba a gama girbewa ba, ga kuka da ɗorawa jefi-jefi, ga duwatsun wajen Rano da Kibiya tsaitsaye kamar shanu a makiyaya. Abin da ka zana mana a allo, yadda iska da ruwa ke cinye ƙasa mai laushi su bar dutse mai tauri a tsaye, sai ga shi a fili. Na yi sallar La'asar a can sama, na yi maka addu'a.

Da na dawo Kano na je asibiti, likita ya ce ina da hawan jini, kuma da alama na daɗe da shi ban sani ba. Ina shan magani, ina tafiyar ƙafa kowace safiya. Na faɗi wannan ne domin yawancinmu daga mota sai kujera, daga kujera sai mota, kuma a 'yan shekarun nan mun yi ta'aziyyar 'yan ajinmu da ba su kai arba'in ba. Allah Ya ji ƙansu. Ina roƙon kowa ya auna jininsa kafin ƙarshen wata.

Shugaba, ga shawarwarina guda uku. Na farko, ƙungiya ta ɗauki nauyin kai ɗaliban aji biyar Rurum sau ɗaya a shekara, a watan Nuwamba, lokacin da dutse ya bushe kuma hazo bai rufe gari ba. A fara da izinin masu gari, a bi shawararsu kan tsaro, a hau da asuba, kowa da takalmin roba da ruwa aƙalla lita biyu. Na biyu, a biya dattawan da za su yi jagora, a kuma sa ɗalibai su rubuta abin da suka faɗa, tun suna raye. Na uku, in mutanen gari sun yarda, mu gina 'yar rumfa a gindin dutsen, da randa biyu, da tabarmi, da littafin rubuta suna. Ba sai mun jira gwamnati ba. Ni na ɗauki kuɗin kwanon rufi, kuma ina sa ran abokan shan rakena za su ɗauki na siminti.

Malam, bakwai ɗin nan ba tawa ba ce. Ga rahotona na gaskiya na kawo yau, ka duba ka ba ni abin da na cancanta.