Boxing Day: Ba Ranar Dambe Ba Ce

Duk shekara idan Buronya ta gabato, tambayar nan sai ta dawo mana daga Aboabo, Asawase da Sabon Zango: wai ranar 26 ga Disamba da ake kira Boxing Day, ranar dambe ce?

Ba laifin mai tambaya ba ne. A Ghana kake, ƙasar D.K. Poison da ya ci kambun duniya a 1975, ƙasar Azumah Nelson da 'yan damben Bukom. Ka ji kalmar boxing, dole hankalinka ya tafi ga naushi. To amma Turanci yana da kalma guda mai fuska biyu. Box na nufin naushi, box kuma na nufin akwati, wato adaka, kamar yadda mu da Asante muke cewa. Na wannan rana, adakar ake nufi.

A Ingila, can da, masu gida kan riƙe barorinsu suna hidima ranar Kirsimeti. Washegari sai a sallame su su je ga iyalansu, a ba kowa ɗan akwati da kuɗi ko ragowar abinci ko tufafi. Masu kawo wasiƙa da sauran ma'aikata su ma sukan karɓi nasu. Wasu kuma suna danganta sunan da akwatin sadaka na coci da ake buɗewa a raba wa talakawa a ranar. Kai dai ka ɗauke shi kamar goron sallah, shi ne mafi kusa. A 1871 majalisar Ingila ta sa ranar cikin ranakun da bankuna ke rufewa, mulkin mallaka kuma ya kawo mana ita nan Ghana da Najeriya.

Haka Good Friday take. Good ɗin nan ba daɗi ko murna ba ne, tsohon Turanci ne mai nufin tsarki, shi ya sa masu Faransanci suke ce mata Vendredi saint.

Yanzu ga inda abin ya shafi aljihunka. Ranar 26 hutu ne a Ghana da Najeriya, amma ba hutu ba ne a Burkina Faso, Togo ko Nijar, don Faransa ce ta mallake su, ba Ingila ba. Abokin cinikinka a Wagadugu ko Lome ya koma aiki, yana jiran kuɗinsa, kai kuma bankinka a Kumasi a kulle tun ranar 25. Idan ranakun suka faɗo Asabar da Lahadi, gwamnati na iya ƙara hutu a farkon mako, ma'aikatar cikin gida ce ke sanarwa. Sai ka tarar kwana uku ko huɗu ba banki.

Saboda haka, Alhaji, idan kana da shanu ko raguna da za su sauko ta Paga, ko kaya ta Aflao, gama da banki da takardar likitan dabbobi kafin ranar 24. MoMo na aiki, gaskiya ne, amma yana da iyakar abin da za ka tura a rana, kuma kuɗin tirela guda ta shanu ya wuce nan. Dabba kuwa ba ta san hutu ba: kowace rana da ta ƙara a mota ko a kara, kuɗin ciyawa da ruwa ne, ga rama. Ka kira mutuminka na ƙetare tun yanzu, ku tsayar da ranar biya.